Hannun yaro a kan kwamfuta: abin da babban hutu ya koya mana

Jawabin wani ɗalibin jami'a, ɗan reshen Damagaram, a ranar taron tunawa da kafa ƙungiya



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya da ƴan kwamiti, yayyena da ƙannena, da baƙinmu da suka taso daga Maraɗi da Tawa da Yamai, sannunku da hanya, sannunku da zama.

An ce in yi magana a kan koya ma yaran firamare kwamfuta, wadda mu nan muka fi kira ordinata. Ni ba mushen lakwal ba ne, ɗalibi ne, kuma a gaban malamaina nake tsaye. Saboda haka abin da na gani da idona kawai zan faɗa, har da inda muka yi kuskure, sannan in roƙe ku abu guda.

Bari in fara da abin kunyata. Ranar da na fara ɗora hannu a kan kwamfuta ina da shekara 19, da BAC ɗina a hannu. A shekarar farko ta jami'a aka ba mu aikin da za a kai shi a buge. Karo na farko na je siber na biya aka buga mini, kowane shafi da kuɗinsa. Karo na biyu aljihu ya ce a'a, sai na ari wata tsohuwar kwamfuta wurin abokin ɗakina. Da yatsa guda nake farautar haruffa, tun bayan isha'i har dare ya raba, na samu shafi huɗu. Sai wuta ta ɗauke. Batirin kwamfutar dama ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo na kunna, wayam, ko layi guda babu. Da safe abokina ya tambaye ni, “Ka adana?” Na ce, “Ana adanawa ne?” Ya nuna mini maɓalli biyu, Ctrl da S. Shi tun yana CE2 aka koya mishi wannan. Wallahi bai fi ni ƙoƙari a aji ba, an dai kai hannunshi wurin da wuri, ni ba a kai nawa ba.

Na san cikin ɗakin nan akwai masu irin wannan labari da yawa. To, ƙannenmu fa? Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Kuma kowa ya san yara nawa ne a unguwarsu da karatunsu ke tsayawa a CM2, musamman ƴan mata. In muka ce sai yaro ya kai kwaleji ko lise za a nuna mishi kwamfuta, to mun yanke ma da yawa hukuncin ba za su taɓa ganinta ba ke nan. Alhali yau takardar neman aiki, da ta neman burs, da lissafin shago, duk sun koma can. Ko a gida, in saƙo ya shigo salular baba ko ta inna, wa ake kira ya karanta? Wannan yaron na CM1 ake kira.

Wannan ya sa a babban hutun bara mu biyar muka nemi izinin kwamiti muka buɗe aji a unguwarmu. Kwamfutocin hannu uku muka haɗa, duk na aro. Yara 36 suka rubuta suna, daga CE2 zuwa CM2.

Sati biyu na farko, in gaya muku gaskiya, mun faɗi ƙasa warwas. Ni na ja aji. Na tsaya gaban allo na yi yadda aka yi mini a jami'a: na zana akwati, na rubuta sunayen sassan kwamfuta da Faransanci, na ce su kwafe cikin kaye, su hardace. Kwamfutocin kuwa suna kan tebur a rufe da zane, don muna tsoron kada a ɓata kayan mutane. Yara suka hardace tsaf, ka tambaye su su rera maka kamar waƙa. Sati na uku muka zo muka tarar da yara 14. Na tare wani a hanya na ce, “Kai, me ya hana ka zuwa?” Ya ce, “Yaya, ai an ce za mu taɓa, kuma ba mu taɓa ba.” Ban samu abin ce mishi ba.

Daga baya na gane ba mu kaɗai muka taɓa tuntuɓe a wannan hanya ba, sai dai kowa da gefen da ya faɗi. Mu muna da mai koyarwa, mun hana na'ura. Wasu sun ba da na'ura, suka manta da mai koyarwa. A 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa, mai arha, wadda aka so ta tsaya a dalar Amurka 100. Ƙasar Peru ta sayi dubu ɗaruruwa ta raba a makarantun karkara. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincike a kan makarantu 319, bayan wata 15 da raba kwamfutocin. Yara sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Mu ma nan gida muna da namu tarihin. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin, tana cikin ƙasashen farko da suka gwada haka a Afirka, har baƙi suna zuwa kallo. Amma shirin bai kai ga yawancin yaran ƙasa ba, daga baya ya tsaya. Abin da na ɗauka a nan shi ne, sayen kaya shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne a samu mutumin da zai zauna kusa da yaro sati bayan sati. Kuɗin sayen kaya ba mu da shi. Mutane kuwa, ga mu nan cike da ɗaki.

Muka bi gida gida muka ba yara haƙuri, muka sake lale. Ga abubuwan da muka canza.

Na farko, kowane yaro sai ya taɓa, kowace rana, tun ranar farko. Ku yi lissafin tare da ni. Kwamfuta uku, yara biyu a kowace, shida ke nan a zama guda. Kowane zama minti 15. Zama shida ya ɗauke yara 36 cikin awa ɗaya da rabi, saura rabin awa na buɗewa da rufewa. Cikin yaran nan biyu, ɗaya direba ne, shi ke riƙe da na'ura, ɗaya aparanti, shi ke karanta abin da aka ce a yi, yana nuna hanya da baki, ba ya sa hannu. In rabin lokaci ya yi, sai su yi musanya. Mun ba wani yaro agogo muka naɗa shi sarkin lokaci, kuma ban taɓa ganin alƙali marar sani ba sabo kamarsa ba.

Darasin farko shi ne riƙe abin nan da ake kira suri. Da na gaya musu ma'anar kalmar kusu ce, ga kuma wutsiyarsa, aji ya kwashe da dariya, daga ranar kusu muke ce mishi. Kada ku raina wannan darasi. Yaron da bai saba ba, ɗaga kusun yake sama yana nuna gilashi da shi. Wani ya danne shi da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Danna sau biyu a jere kuwa sai an yi kwanaki. Mun yi amfani da wata manhaja, GCompris, wadda wani Bafaranshe, Bruno Coudoin, ya fara a 2000. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, an yi ta don yara ƴan shekara 2 zuwa 10, tana da wasanni sama da 100. A ciki akwai wanda yaro ke goge gilashi da kusu har hoton dabba ya fito, akwai wanda haruffa ke faɗowa daga sama yana danna su kafin su kai ƙasa. Don zane kuma akwai Tux Paint, ita ma kyauta. Kafin komai mun koya musu Ctrl da Z, wato mai da abin da ka ɓata. Yaron da ya san kuskurensa na gyaruwa, hannunsa ya daina rawa. Ctrl da S kuwa, kun san dalilin da ya sa ban bari kowa ya tashi bai danna ba.

Na biyu, su 30 ɗin da ke jiran layi ba zaman banza suke ba. Mun roƙi kwalayen sukari da na madara wurin masu shago, kowane yaro ya zana allon haruffa, wato klabiye, da hannunsa. Irin namu na nan tsarin Faransa ne: layin sama A Z E R T Y U I O P, na tsakiya Q S D F G H J K L M, na ƙasa W X C V B N. Muka sa suka liƙa ƙwayar gero a kan F da J, domin a klabiye na gaske akwai ɗan tudu a kan haruffan nan biyu, nan manuniya ke zama ba sai an duba ba. Ɗaya ya kira kalma, saura su buga a kwali. In layi ya zo kansu, yatsa ya riga ya san gida. Ku kuma lura, a wannan tsari lambobin layin can na sama ba su fitowa sai an haɗa da maɓallin babban baƙi. Yaro zai danna 2 ya ga é, ya ɗauka ya ɓata na'ura. A gaya mishi tun da wuri.

A nan ne muka gano wani abin da ya tayar mana da hankali. Wasu yaran, har ƴan CM1, ba kwamfutar ce ke ba su wuya ba, haruffan ne. A lakwal sun saba da rubutun haɗe na alli da bik, klabiye kuwa manyan baƙaƙe ne a warwatse. Wasu kuma, in faɗi gaskiya, karatun ne bai zauna ba, suna ɓuya a bayan hadda da amshi. Kwamfuta ba ta karɓar amshi, sai ka nemo harafin da kanka. Sai ajinmu ya zama rabinsa ajin karatu, kuma ba mu yi nadama ba. Wanda duk zai shiga wannan aiki ya shirya ma haka, kuma kada ya kunyata yaro gaban ƴan uwansa.

Har tunanin da ke cikin kwamfuta ana koyar da shi babu wuta. Na tambaye su, wa ya iya dafa shayi? Duk suka ɗaga hannu, ai suna ganinmu a fada. Na ce to ni na'ura ce, ban san komai ba, ku ba ni umarni ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, “Zuba ganye.” Na zuba a ƙasa, tunda ba wanda ya ce in ɗauko buta. Suka yi ta ihu. A haka suka gane na'ura ba ta da hankalin kanta, abin da aka ce mata take yi, bisa jerin da aka ba ta. Da muka zo kan na fari da na biyu da na uku, wata yarinya ta ce, “Ba sai mun sake faɗa ba, mu ce a maimaita sau uku.” Wannan da ta faɗa, shi ne abin da aka koya mana a jami'a da dogon suna. Mun kuma yanka kati biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16, yara biyar suka riƙe. Kowane kati ko a buɗe ko a kife. In ana son 13, sai mai 8 da mai 4 da mai 1 su buɗe. Da kati biyar ana ƙirga har 31. Haka kwamfuta ke ƙirga, da kunne da kashe. Waɗanda suka yi nisa mun fara musu Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta fitar a 2007, inda yaro ke jera umarni kamar tubali yana sa mage tafiya. Akwai ta da Faransanci, tana aiki ba intanet.

Na uku, harshe. Ni makarantar harshe biyu na yi, da Hausa na fara karatu kafin Faransanci, kuma nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko irin wannan a 1973. Amma da na tsaya gaban yara sai na manta da abin da ya taimake ni. Da muka koma bayani da Hausa, muna ba su sunan abin da Faransanci don su gane shi a gilashi, sai tambayoyi suka ɓarke. Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka, yana kare koyar da yaro da harshensa. Mu sai da yara 22 suka gudu muka tuna.

Sai dai Hausar tana da tata matsala a kan klabiye: babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Wani yaro ya so ya rubuta an yi baƙi a gidansu, sai ya fito an yi baki. Ɗari ta koma dari, ƙafa ta koma kafa. Haruffan nan ba ado ba ne, suna cikin ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta tabbatar a 1999. Maganin yana nan, kyauta: manhajar Keyman tana da tsare-tsaren haruffan harsunan Afirka, a salula kuma Gboard yana da Hausa. A sa su kafin yara su zo. In yaro ya saba tun yanzu cewa na'ura ba ta iya harshensa, zai girma yana ganin harshen ne bai isa ba.

Na huɗu, ƴan mata. Ƴan uwana mata, wannan taku ce. Da farko duk wanda ya riga zuwa shi ke zama, sai muka ga kullum maza ne a kan na'ura. Ƴan matan sai sun gama ɗibar ruwa da wanke-wanke, wasu da talla, su iso a makare su tsaya a baya. Akwai wata ƴar CM1 da ta yi zuwa uku ba ta taɓa ba, kuma ba ta ce uffan ba. Wata ƴar uwarmu ce cikin mu biyar ta lura, mu maza huɗu ba mu gani ba. Daga nan muka koma bin takarda, kowa da lokacinsa a rubuce, ko ya makara yana nan yana jiransa, kuma kwamfuta guda muka ware ma ƴan mata da malamarsu. Yarinyar nan ita ce mai maganar a maimaita sau uku. Iyaye ma sun fi sakin jiki in sun ji akwai mace a wurin. Ajin da babu ƴar uwa mace cikin masu koyarwa, ni dai ban ba da shawarar a buɗe shi ba.

Na biyar, amana. Wani dattijo ya tare mu ya ce ba ya so a buɗe ma ɗansa ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Gaskiyarsa. Mun gaya mishi kwamfutocinmu ba su haɗe da intanet, gilashinsu yana kallon tsakiyar ɗaki, kuma yana iya shigowa duk ranar da ya so. Ya zo kuwa, sau biyu. Mun koya ma yara abu uku, muna maimaitawa kowane zama: lambar sirri ba a faɗa ma kowa, ko wanda ya kira ya ce shi ma'aikaci ne; saƙon da ya ce ka ci kyautar da ba ka nema ba, a kai ma babba; aikin wani da ke cikin na'ura kamar jakarsa ce, ba a buɗewa sai da izini. Tunda su ke karanta ma iyaye saƙo, wannan darasi har aljihun gida yake karewa.

Sai maganar wuta da wuri. Mukan cika batir da dare a gidan da ke da sola, mu yi aji da safe kafin rana ta yi zafi, mu rufe na'urori da zane saboda ƙura. Abu guda kuma ina roƙo da babbar murya: kada wanda ya ja waya ko ya kai batir cikin ajin zana. Ba mu manta gobarar da ta cinye yara a Yamai cikin Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. A nemi ɗakin ƙasa ko na siminti, mai ƙofa a buɗe. Lokaci kuma a zauna da malaman allo da iyaye a tsayar. Mu safiyar Alhamis muka ɗauka, tunda ba a karatun allo ranar, kuma ba mu hana kowa zuwa gona ba.

A ƙarshen hutu yara 31 suka rage. Ba mu fitar da injiniya ko guda ba. Amma kowannensu ya iya kunna kwamfuta da kashe ta yadda ya kamata, ya buga sunansa da layi uku da Hausa da Faransanci, ya adana, ya rufe, ya sake nemo abinsa. Mun buga ma kowa takardarsa ya kai gida. Dattijon nan da na ce muku, an gaya mini tashi tana liƙe a bangon shagonsa.

Yanzu ga roƙona. Kwamfutocin nan uku an mai da ma masu su, biyu daga cikinmu kuma karatu zai kai su wani gari. In ba a samu masu karɓa ba, aikin ya tsaya a nan, yaran da suka fara su manta, ƙannensu kuma da ke tare mu a hanya suna tambaya yaushe za a sake, sai mu rasa amsa. Ina roƙon kowane reshe ya fitar da mutum huɗu, aƙalla guda mace, masu ba da awa biyu a sati na tsawon hutu. Ba sai wanda ya karanta ilimin kwamfuta ba. In ka iya buga takarda ka adana, kana da abin koyarwa, sauran za mu nuna ma juna a yini guda. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado, ko batirinta ya mutu, ya kawo a duba. Iyayenmu ƴan kasuwa da ma'aikata, ɗaki muke nema da wurin cika batir. Malaman firamare da ke nan, ku kuka san yaran nan fiye da mu, ku shigo ku gyara mana, kuma abin da muka iya na na'ura mu ma a shirye muke mu zauna da ku. Takardar rubuta suna tana wurin sakatare a bakin ƙofa.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, malamaina su gyara, ku kuma ku yafe mini. Allah ya saka ma waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shirya mana ƙannenmu, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.